Gidan Yayana a Turai da Gonarmu ta Roni

Na daɗe ina jinkirta rubuta wannan, domin ban yarda da ƙwaƙwalwata sosai ba. Shekaru sun ɗan ja, kuma abubuwan sun faru ne a lokacin da hankalin kowa a gidanmu ba a kwance yake ba. Mai yiwuwa na sa wata magana a bakin wanda ba shi ya faɗe ta ba, ko na gabatar da abin da ya zo daga baya. Abin da nake da yaƙini a kansa zan faɗe shi kai tsaye, wanda nake shakka kuwa zan nuna ina shakka.

Mu biyu ne maza a gidanmu a Kazaure, sauran duk mata ne. Yayana shi ne ɗan fari. Ya karanta aikin jinya, ya yi aiki a nan gida na wasu shekaru, daga baya ya samu aiki a wani asibiti a Turai ya tafi, matarsa da 'ya'yansa biyu suka bi shi. Ni kuwa tattalin arziki na karanta a jami'a, na dawo ina koyarwa a wata sakandare a Gwiwa, ina zuwa ina dawowa a kan babur. Saboda wannan karatun nawa, duk abin da ya shafi banki a gidanmu ni ake miƙa wa, ko na sani ko ban sani ba.

Mahaifinmu tsohon malamin gona ne. Fanshonsa ba wani abin kirki ba ne, abin da yake riƙe da gidan a zahiri shi ne gonar da ya gada a wajen Roni. Gero da dawar da muke ci daga can suke zuwa, gyaɗar da ake sayarwa a yi wa ƙannenmu hidimar makaranta ma daga can take. Baba bai taɓa kiran sunan yayana ba, saboda kunyar ɗan fari. "Yaron nan" kawai yake cewa. Idan yaya ya kira waya, Baba yakan amsa gaisuwa a taƙaice ya miƙo mini, sai an kashe sannan ya tambaya, kamar ba da gangan ba, ko sanyin can ya yi sauƙi.

Wata rana ina ɗakin malamai yaya ya kira ni.

"Malam mai lissafi," in ji shi, don haka yake kirana in yana son tsokana. "Na gaji da ciyar da mai gidan haya. Gida zan saya."

Na ce, "Da wane kuɗin, Yaya?"

"Da na banki mana. Ka ɗauka nan ma buhunan gyaɗa ake kaiwa kasuwa a dawo da fili?"

Ya yi mini bayani, ni ma na fahimta gwargwadon iko. Banki zai biya mafi yawan kuɗin gidan, shi kuma ya riƙa biyan bankin duk wata har fiye da shekara ashirin. Gidan yana matsayin jingina, in biya ya tsaya banki ya karɓe abinsa. Ya ce ya nemi tsarin da malaman can suka ce babu riba a cikinsa. Wannan ba fagena ba ne, ba zan yanke hukunci a kai ba. Abin da ya sa ya kira ni shi ne, an ce sai ya yi inshorar rai. Zai riƙa ba wani kamfani ɗan abu duk wata, idan ya rasu kafin ya gama biyan gidan, kamfanin ya biya ragowar, gida ya zama na matarsa da yara.

Da yake shi baƙo ne a ƙasar, an tsananta masa tambaya fiye da 'yan ƙasa. An gwada jininsa, an tambayi ciwon da iyayensa ke fama da shi, an tambaye shi sau nawa yake zuwa Najeriya kuma yaya daɗewarsa in ya zo. Na tuna ya karanto mini wani sharaɗi da yake magana a kan daɗewa a wajen ƙasar. Wayar tana yankewa ranar, ban riƙe adadin da aka ƙayyade ba. Ya kashe da cewa, "Kai za ka yi wa Baba bayani. Ni in na fara sai ya miƙo maka wayar."

Na sami Baba a zaure bayan la'asar na yi masa bayanin. Ya saurara yana jan carbi.

Ya ce, "Wato har ranar mutuwarsa suka sa a cikin cinikin?"

Na ce, "Ba haka ba ne sosai, Baba. Kamar tanadi ne, saboda iyali."

Ya ce, "To, Allah ya sanya alheri." Bai ƙara tambaya ba. Ina jin ya ɗauki abin kamar yadda ake sayen fili a nan, a ba da wani abu, a cika sauran bayan kaka. Da hotunan gidan suka zo, Inna, mahaifiyarmu, ta yi waina ta raba wa maƙwabta. Baba ya kalli hoton ya ce rufin ya yi tsini da yawa.

Bayan 'yan shekaru aka yi wa Inna aikin ido, yaya ya ɗauki hutu ya zo shi kaɗai. Idon ya yi jinkirin warkewa, sai ya nemi ƙarin hutu, aka ba shi, ya sake nema. Ana cikin haka zazzaɓi ya kama shi. Ya ce maleriya ce, ya san ta, ya sha magani ya ci gaba da zirga-zirgarsa. Da jikin ya tsananta muka kai shi asibiti. Ya kwana biyu ko uku, ban riƙe ba, Allah ya karɓi abinsa da safe. Aka sa jana'iza bayan azahar.

A wajenmu, idan an ajiye makara a ƙofar gida, kafin a tayar da salla, liman yakan tambaya ko akwai wanda yake bin mamaci bashi, kuma wa zai ɗauki nauyin biya. Yawanci ƙane ko baffa ne yake amsawa, kuma yawanci abin bai wuce na mai shago ko tela ba. Liman ya yi tambayar. Na san ni ya kamata in amsa, amma gidan can ya faɗo mini a rai, na tsaya ina auna yadda zan faɗi maganar. Baffanmu, ƙanen Baba, ya gyara murya zai yi magana. Sai muka ji muryar Baba daga sahun gaba.

"Ɗana ne. Duk wanda yake binsa, ni yake bi. Yana wuyana."

Wannan kam ban manta ba, don ranar na fara jin ya ce "ɗana".

Matar yaya ba ta samu zuwa ba, can ta yi takaba saboda makarantar yara. Bayan sadakar bakwai, da masu gaisuwa suka ragu, Baba ya kira ni zaure. Ya ce mai shagon bakin titi ya zo an sallame shi, wani abokin marigayi ya ce ya yafe nasa, saura na gidan can. Ya ce in tambayo nawa ya rage. Na tambayo. Da na juya kuɗin zuwa naira sai da na sake lissafin, don ban yarda da abin da na gani ba. Na faɗa masa.

Ya ce, "Gonar Roni za ta kai?"

"Ko kusa ba za ta yi ba, Baba."

"To a fara da ita."

Na tuna masa da maganar inshora. Na ce ai dama saboda irin wannan ranar aka yi ta.

Ya ce, "Sun biya?"

"Tukuna. Suna bincike."

"Za su biya?"

"Ana sa rai, Baba. Idan komai ya tafi daidai, kuma idan daɗewar da ya yi a nan ba ta wuce abin da suka ƙayyade ba, to bisa ga abin da na fahimta..."

"Ban tambaye ka abin da ake sa rai ba."

Na ce banki ya san da rasuwar, kuma ya yarda ya ɗan saurara. Baba ya ce, "Banki ya saurara. Shi da yake kwance da bashi a kansa fa, shi ma ka tambaye shi ko zai saurara?"

Daga ranar abincinsa ya ragu. Inna ta ce kwanon tuwonsa yadda aka kai shi haka yake dawowa, sai ɗan gefen da ya taɓa.

Na kira matar yaya na gaya mata. Tsakanina da ita dama akwai wasa irin na ƙanen miji, kuma ko a cikin takaba bakinta bai mutu ba.

Ta ce, "Kai dai ka ce masa za su biya mana! Wace irin jami'a ka yi da ba a koya muku cewa e ba?"

Na ce, "Yaya zan ce masa abin da ban tabbata ba? Ke kin tabbata?"

Ta ce ita ma ba ta tabbata ba. Masu inshorar sun nemi takardar asibiti, sun nemi shaidar ranar da ya shigo Najeriya, kuma duk lokacin da ta kira su sai su ce ana dubawa. Ta ce, "Amma don Allah kada ka bari a sayar da gonar nan. Ba za ta ceci gidan nan ba, kuma ku ku rasa abinci. Gida biyu ke nan za su tashi a banza." Na yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da Gwiwa har na haɗa abin da suka nema na aika mata.

Ni da Baffa muka roƙi liman ya zo ya yi wa Baba magana. Ya zo, ya yi nasiha mai kyau. Iya abin da na riƙe, ya ce tunda akwai jingina, kuma akwai waɗanda suka yi alkawarin biya, babu dalilin gaggawa. Baba ya saurare shi har ƙarshe cikin ladabi.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, na ji. Amma ni na faɗa da bakina a gaban jama'a, kai ma kana tsaye. Waɗancan mutanen kuwa babu wanda ya gan su a ƙofar gidana."

Liman ya dube ni, kamar yana jiran in ce wani abu mai ƙarfi. Na ce gaskiya ana kyautata zato.

Cikin satin nan Baba ya aika aka kira dillali. Dillalin ya samo wani ɗan kasuwa daga Babura, mai harkar hatsi da mutanen Nijar. Muka tafi gonar mu huɗu a kan babura biyu. Bazara ce, an riga an kai taki an zuba shi tsibi-tsibi, ana jiran ruwa. Dillali ya shiga gaba yana bin iyaka, daga gindin gawo zuwa layin gamba, bakinsa bai huta ba.

"Alhaji, dubi ƙasa! Wannan ko tsakuwa ka shuka sai ta yi 'ya'ya. Ga taki an zuba maka kyauta."

Ɗan kasuwar ya ce, "Kai kuma ko dutsen Kazaure aka ba ka haka za ka ce."

Baba bai yi dariya ba. Ya tsaya a gindin gawon yana nuna wa mutumin inda ruwa yake kwanciya in damina ta yi ƙarfi, da ɓangaren da gyaɗa ta fi so. Dillali yana ta ƙifta masa ido kada ya faɗi aibin gonar, shi kuwa sai da ya faɗa duka. Aka sa ranar da za a haɗu a zaurenmu a ƙulla ciniki a gaban shaidu.

A kwanakin da suka rage na kira matar yaya ya fi a ƙirga, ko an samu labari. Babu. Na zauna na yi ta tunanin abin da zan iya cewa Baba wanda ba ƙarya ba ne kuma zai tsayar da shi. Ba zan iya ce masa kamfanin zai biya ba. Duk wata hanya da na bi, nan take dawowa.

Ranar, ina jin Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, zaure ya cika. Akwai Baba, Baffa, liman, dillali, ɗan kasuwar, da dattawan unguwa biyu. Ɗan kasuwar ya taya, Baba ya ce albarka. Ya ƙara, Baba ya sake cewa albarka. Da ya ƙara na uku sai na ga Baba ya sunkuyar da kai, na san sallamawa zai yi. Liman ya ce, kafin a shafa fatiha, ko akwai mai magana.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da ita."

Kowa ya juyo. Na ce, "Baba, bashin nan na yaya, idan kamfanin nan bai biya ba, to ni zan..."

Baba ya katse ni. "Ni ranar da na faɗa, ka ji na sa sharaɗi?"

Na ce a'a.

"To in magana za ka yi, yi ta. In kuma lissafi za ka yi mana, bari mu gama."

Na ce, "Yayana ne. Duk wanda yake binsa, ni yake bi. Na sauke shi daga wuyanka, yana wuyana."

Baffa ne ya fara magana, ya ce, "Da me za ka biya, ɗana? Da babur ɗin?" Dattawan suka yi 'yar dariya, har ɗan kasuwar.

Na ce, "Ban sani ba, Baffa."

Baba ya ce, "Ka tabbata mutanen nan za su biya?"

Na ce, "Ban tabbata ba, Baba. Amma na ɗauka."

Sannan ya juya wajen liman ya tambaya ko hakan yana yiwuwa. Liman ya ce ɗan'uwansa ne, baligi ne mai hankali, kuma ya faɗa a gaban shaidu, shi bai ga abin da zai hana ba. Ban sani ba ko wani malamin zai ce haka, ni dai abin da na ji ke nan. Baba ya sa na maimaita maganar, na maimaita. Sai ya dubi ɗan kasuwar ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, na wahalar da kai. Yanzu ba ni da dalilin sayarwa."

Mutumin ya ce babu komai, dama tun a gindin gawo jikinsa ya ba shi gonar nan ba ta son barin gidan. Dillali ne ya ɓata rai, ya ce shi ya ga ciniki iri-iri amma bai taɓa ganin wanda malamin makaranta ya kashe da jimla ɗaya ba. Baba ya ba shi kuɗin mai, ya tafi yana gunaguni.

Da yamma Inna ta ce Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Ni kuwa daminar nan ban ji daɗinta ba. Na san a wajen banki maganar da na yi a zaure ba ta da wani matsayi, ba su ma san an yi ta ba. Amma a Kazaure kowa ya sani, ni ma na sani. Ina kan babur zuwa Gwiwa ina raba albashina da shekarun da suka rage mini a aiki, kullum amsar ɗaya ce. Na rame har shugaban makarantarmu ya tambaye ni ko in je a duba ni. An shuka gonar, gero ya yi kyau, gyaɗa ta rufe ƙasa. Baba yakan gan ni in na dawo ya ce, "Mai bashi, yaya mutanenka?" In ce ana dubawa. Ya ce, "Allah ya sa su gani."

Wajen girbin gero matar yaya ta kira. Ta ce sun biya. Daɗewar da ya yi a gida ba ta kai iyakar da suka sa ba, ko da yake, in ji ta, ba ta yi nisa da ita ba. Banki ya rubuto cewa ba ya bin kowa komai, gida ya zama nasu. Tana kuka tana cewa, "Yanzu sai ka je ka ce masa e, ko har yanzu ana kyautata zato ne?"

Na hau babur na tafi Roni. Na sami Baba a gona yana duba masu ɗaurin dami. Na gaya masa. Ya ce alhamdu lillahi, ya juya baya ya daɗe yana gyara wani dami da ba abin da ya same shi. Da ya juyo sai ya ce in je in gaya wa liman ya sanar a masallaci, domin waɗanda suka ji an ɗauka su ji an sauke. Ya kuma tambaya ko kamfanin yana da wani babba da za a aika wa godiya. Na ce ban jin haka ake yi a can. Ya ce duk da haka in ce wa matar yaya in ta gan su ta gaishe su. Da aka cire gyaɗa ya sa Inna ta yi ƙuli-ƙuli, aka nemi mai tafiya aka aika wa yaran.

Gonar tana nan, bana ma an noma ta. Yaran suna cikin gidan ubansu. Ban rubuta wannan don in ba kowa shawara a kan inshora ba, domin sharuɗɗan kowane kamfani da kowace ƙasa daban suke, kuma hukuncinta a addini na malamai ne.

Akwai wuraren da ni da Baffa muka saɓa. Shi ya ce ranar Alhamis aka yi zaman zaure, kuma ya ce ba shi ya yi maganar babur ba, ɗaya daga cikin dattawan ne. Inna kuma ta ce aikin idon nata ya riga zuwan yaya, ba don shi ya zo ba. Liman ya rasu, Allah ya jiƙansa, ba ni da hanyar tabbatar da lafazin da ya yi amfani da shi. Saboda haka ina roƙon duk wanda ya tsaya a jana'izar nan, ko ya zauna a zauren nan, ko shi ɗan kasuwar na Babura in wannan ya kai gare shi, idan ya ga na ƙara ko na rage, ya aiko mini da gyara. Zan karɓa da godiya, in sa shi a inda ya dace.